Darasi na Bakwai: Godiya, Ibada da Daina Ƙin Kai Bayan Barin Ƙwaya

Wannan darasi na wanda ya riga ya ajiye tiramol ko kodin ne. Ciwon gaɓoɓi da gumi da gudawa sukan fara cikin awa 24, su tsananta a kwana na 2 zuwa na 3, su lafa wajen mako guda. Wanda ya fi wuya yana gaba: rashin barci, saurin fushi, abinci salam, hira salam. Ƙwaƙwalwa ta saba ƙwaya ce ke ba ta jin daɗi, kuma takan ɗauki makonni ko watanni kafin ta dawo daidai. A nan ne mutane da yawa suke komawa ruwa.

Mai shan giya kullum, ko ƙwayar barci irin Valium da Rohypnol, kada ya yanke lokaci guda a gida, don yana iya kamuwa da jijjiga mai kisa. Ya fara zuwa asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato ko na Dawanau a Kano.

Littafin godiya

Ka samu ƙaramin littafi da biro. Kowane dare bayan Isha'i ka rubuta abu uku da suka faru yau, waɗanda ka gode wa Allah a kansu. Mace ma haka za ta yi. Sharaɗin shi ne abin ya zama na yau, kuma takamaimai. "Na gode da lafiya" gaskiya ne, amma baki ya saba faɗinsa, ba ya taɓa zuciya. Ka rubuta: "Na ci tuwo na ƙoshi." Ko: "Kuɗin da nake kai wa kemis, yau sabulu na saya wa yara da shi." Mai sabon barin ƙwaya idonsa kan asara yake, aikin littafin shi ne tilasta masa ya ga abin da ya dawo.

Idan hannunka bai faɗa da rubutu ba tukuna, kalma ɗaya ta isa, ko ka faɗa wa wani ya rubuta maka. Inda aka fi ɓata aikin shi ne maimaita abu uku ɗin jiya, da rubuta farin cikin ƙarya. Ranar da komai ya dagule, layi ɗaya ya wadatar: "Yau ban sha ba."

Daga salla zuwa salla

Kada ka yi wa kanka alkawarin har abada, ya yi maka nauyi. Da Asuba ka ce: ba zan sha ba har Azahar. Da Azahar ka sabunta zuwa La'asar. Kirista sai ya kafa lokutan addu'a safe, rana da dare, ya bi wannan tsari.

Kwaɗayin ƙwaya yakan taso, ya yi ƙarfi, ya sauka, sau da yawa cikin minti 30. Idan ya taso, ka tashi daga wurin, ka yi alwala, ka ja tasbihi a hankali, ka kira mutum ɗaya da kuka yi da shi tun farko. Kada ka zauna kai kaɗai kana gardama da zuciyarka, takan yi nasara.

Wasu sukan ɗauki tahajjudi da azumin nafila duk a makon farko. Niyya ce mai kyau, amma yunwa da rashin barci suna cikin manyan masu tayar da kwaɗayi. Riƙe farilla tukuna. Kuma addu'a ba ta hana shan maganin likita; wanda ya ce ka zubar da shi bai taimake ka ba.

Ka yi laifi, amma ba ka lalace ba

Ka amsa abin da ka yi: bashin da ka ci, ƙaryar da ka yi wa mahaifiyarka ko matarka. Ka nemi gafara, ka fara biya ko kaɗan-kaɗan. Amma mai cewa "ni ai na riga na lalace" ya ba kansa hujjar sake sha. Bukhari ya ruwaito cewa an sha kawo wani mutum gaban Annabi (SAW) saboda shan giya, wani ya tsine masa, sai Annabi ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da Manzonsa. Aya ta 53 a Suratuz Zumar ma ta hana yanke ƙauna daga rahamar Allah.

Idan ka zame ka sha, ka faɗa wa amintaccenka kafin kwana ya kewayo, kada ka yaga littafin. Ka san kuma jikinka ya daina jure adadin da kake sha a da. Wannan adadin yanzu yana iya tsayar da numfashi, tiramol mai yawa kuma yana kawo jijjiga. Wanda aka samu yana numfashi sama-sama, ba ya farkawa, a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa ruwa ko madara, a garzaya da shi asibiti.

Aikin wannan mako: rubuta sunan mutum ɗaya da za ka kira a shafin farko na littafinka, ka cika dare bakwai, ka zo da littafin aji.