Idan kamfanin magani zai ɗauki nauyin taron horon likitoci a Damagaram

Da farko ku masu shirya taron da kanku za ku zaɓi maudu'i da masu jawabi, misali zazzaɓin cizon sauro ko tamowa, kar ku bari delegen kamfani, wato wakilinsa mai tallar magani, ya zaɓa muku. Sai a rubuta yarjejeniya, nawa za su bayar, me za a yi da shi, kowa ya sa hannu. Kuɗin ya shiga asusun masu shirya taro, ba aljihun likita ba, wallahi nan ne ake lalacewa. Teburin tallarsu a waje, cikin zaure kuma sunan asali na magani kawai za a kira, a ce amoksisilin ba sunan kasuwa ba. Mai jawabi ya faɗa tun farko in kamfanin na biyan shi. Ku ajiye resi duka da takardar sunayen mahalarta, don ranar da za a nemi shaida.