Ga masu niyyar zuwa Dandalin 'Yanci na Accra

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda zai je Black Star Square, wato Dandalin 'Yanci, shawarata ita ce ya yi sammako, ko ya bari sai bayan la'asar. Fili ne fetal na siminti, in rana ta take ba daɗi, ga gumin bakin teku. Ku riƙe ruwa da lema, musamman masu tafiya da yara.

Ƙofar nan mai baƙin tauraro a samanta, wadda aka rubuta wa 1957, shekarar da Ghana ta karɓi 'yancin kai ranar 6 ga Maris, a tsakiyar shataletale take. Motoci ba sa ɗaga ƙafa, don Allah a kama hannun yaro kafin a tsallaka. In kun ga soja ko mai gadi a wajen babbar ƙofar da ke gefen teku, ku gaishe shi, ku nemi izini kafin ku ɗaga waya. Wannan gaisuwar tana sauƙaƙa komai.

Abin da ba na so ya wuce ku: kusa da nan ne aka harbe tsofaffin sojoji uku ranar 28 ga Fabrairu 1948, suna hanyar kai kukansu ga gwamnan Turawa. Daga nan gwagwarmayar neman 'yanci ta ɗau zafi. Ku tsaya ku gaya wa yara.

In tafiyarku ta dace da Sallah, a filin ake sallar Idi, sai a fita da wuri da dadduma. Makwancin Kwame Nkrumah, shugaban Ghana na farko, ma ba nisa, amma shi ana biyan kuɗin shiga.