Yadda za ka yi yawon kallon ƙofofi a Stone Town, Zanzibar

Da farko ka fito da sassafe, kafin rana ta buɗe kuma kafin 'yan yawon buɗe ido su cika lunguna. Sa takalmi mai daɗin tafiya don yawancin lungunan mota ba ta shiga, ƙafa ce kawai, sai dai babur ya dinga yi maka hon ta baya.

Na biyu, ajiye taswirar waya a aljihu ka yi ta tafiya abinka, garin ba girma, ko ka ɓata za ka ɓullo bakin teku.

Na uku, in ka tsaya gaban ƙofa fara duba samanta. Mai kai a miƙe salon Larabawa ce, sau da yawa za ka ga ayar Alƙur'ani an sassaƙa a sama, mai kai a lanƙwashe kuma salon Indiya, ga manyan ƙusoshin tagulla masu tsini reras a jiki, wai a can Indiya don hana giwa ɓalle ƙofa aka yi su, nan kuwa ado ne kawai da nuna arziki. Matso kusa ka dubi katakon gefe, akwai zanen sarƙa, kifi, fure, bishiyar dabino, wallahi masassaƙan nan sun iya aiki. Ka tambaya a nuna maka ƙofar gidan Tippu Tip, shahararren ɗan kasuwar bayi da hauren giwa na zamanin da, a unguwar Shangani.

Sai maganar hoto. UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya tun 2000 amma fa gidajen mutane ne, suna ciki. In ka ga dattijo zaune a dakali yi masa sallama ka nemi izini tukuna, kuma kar ka ƙwanƙwasa.