Yadda na raba tsinin janareta da na ƙasa a awon H/V

Alhamdu lillahi, awon motsin ƙasa da nake yi don gano zurfin dutse a wani fili kusa da Kakuri, Kaduna, ya daidaita. Na gode wa abokin aikina da ya yi gadin na'ura da dare.

Matsalar ita ce duk zanen H/V (motsin kwance, H, a raba da motsin tsaye, V) da manhajar Geopsy ta fitar, sai wani siririn tsini, wato wurin da layin zanen ya yi sama, ya tsaya a 25 Hz (girgiza 25 a daƙiƙa). Ta lissafin f0 = Vs/4H (f0 Hz ɗin tsinin, Vs gudun girgiza a cikin ƙasa, H a nan kaurin ƙasar da ke kan dutse), da Vs 300 m/s, wannan na nufin dutse yana zurfin mita 3 kacal, alhali rijiyar burtsatse da ke gefen filin ta wuce mita 10 kafin ta taɓa dutse.

Na sauya batir, na sauya wayar haɗin na'urar, duk a banza.

Sai na buɗe sassa uku na motsin (biyu na kwance, ɗaya na tsaye) daban-daban. Tsinin ya fito a dukkansu, har da na tsaye. Tsinin ƙasa na gaskiya ba ya haka, sashen tsaye sauka yake yi a wurin. Janaretan da ke juyawa 1500 a minti kuwa 25 Hz yake bayarwa daidai, kuma unguwar cike take da su.

Na koma bayan ƙarfe 1 na dare, injuna sun yi shiru. Na haƙa rami kaɗan a jar ƙasa, nesa da bishiya saboda iskar hunturu, na daidaita kumfar da ke nuna na'urar ta zauna daidai, na fuskantar da ita arewa, na rufe gefenta da ƙasa. Na ɗauki minti 40. A Geopsy na sa taga daƙiƙa 30 (yanka awon guntu-guntu), Konno-Ohmachi 40 (sassauta kaushin layin zanen), na kunna STA/LTA (matatar girgizar ba-zata) don zubar da wucewar tirela.

Tsini mai faɗi ya bayyana wajen 5 Hz. Da Vs 300 m/s, kaurin ƙasar ya kama mita 15.