Yadda za ka fara sana'ar sakawa da gyaran ƙofar gareji da get a Birnin Kebbi

Duk mai yawo cikin Birnin Kebbi yanzu, Gesse ko Badariya ko Bayan Kara ko hanyar Kalgo, ya san gini ake ba kama hannun yaro, kuma kusan kowane sabon gida sai an fidda mai get na shigar mota, wasu har da gareji mai ƙofarshi daban. Masu walda muna da su birjik Alhamdulillahi, amma wanda zai zo ya duba get mai rimot da ya tsaya cak, ko ƙofar naɗi da sifirin ɗinta ya saki, ya gane ciwon ya gyara a ranar, nan ne ake shan wahala. Sau da yawa wanda ya saka ƙofar daga Kano ko Abuja anka ɗauko shi, ya gama ya karɓi kuɗinshi ya koma, ranar da ta lalace sai mai gida ya yi ta bugun waya ana ce mai sai wani sati. Wanga giɓi nike son ƙannenmu su cike, don wallahi abinci ne a ƙofar gida.

Abu na farko, ka san ƙofofin da za ka yi aiki a kansu. A nan wajenmu guda uku sunka fi yawa, get mai ganye biyu da ake buɗewa ciki ko waje, get mai taya da ke zamewa gefe kan dogo, sai ƙofar naɗi wadda ake ce ma rola, irin ta shaguna da sito da gareji, mai naɗewa sama jikin fayif. Akwai ta huɗu mai falle-falle da ke hawa sama ta kwanta ƙarƙashin silin, ita ce ta cika garejin gidajen Amurka, nan sai jefi-jefi a gidajen masu hali. Kada ka raina ta don ƙarancinta, ranar da ka ci karo da ita ba kowa zai iya taɓa ta ba.

Na biyu, ka nemi oga. Babu wata hanya da ta wuce wannan, bidiyon YouTube zai ƙara ma ido amma ba zai ba ka hannu ba. Ka je da mahaifinka ko yayanka a yi magana ta manya, a faɗi sharaɗi tun farko, lokacin zuwa da na tashi, sallamar yini, da yadda za a yi ranar yaye. Kuma kafin ka zaɓi shago ka je ka kalli get ɗin da ogan ya yi shekarun baya, ba sabon da ke jingine gaban shago yana ƙyallin fenti ba. Ka tura shi da hannu ɗaya, in ya tafi sumul ba ƙara ba cijewa, to ka samu wurin koyo. A shagon za ka fara da yanka da giranda, goge tsatsa, riƙe ma oga ƙarfe, sannan a ba ka ka ɗiga walda. Ka yi haƙuri da wanga mataki, wanda bai iya walda mai kama ƙarfe ba duk sauran iliminshi a iska yake.

In kana da hali ka haɗa da takarda. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, wato NDE, tana da tsarin tura matasa koyon sana'a wurin masu shago, ITF ma, asusun horar da ma'aikata na Gwamnatin Tarayya, na horar da masu sana'ar hannu lokaci-lokaci, sai ka riƙa leƙa ofisoshinsu na jiha kana jin sanarwa. Akwai kuma jarabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ana fara ta daga aji 3 zuwa 2 zuwa 1. Alhajin unguwa ba zai tambaye ka ita ba, amma ranar neman aikin ma'aikata ko kamfani za ka gode Allah da ka yi.

Na uku shi ne awo, kuma nan zan daɗe don nan ake rabuwa tsakanin gwani da ɗan tayi daɗi. Kafin ka yanka ƙarfe ko guda ka je wurin da ƙafarka, kada ka yarda da awon da anka karanto ma ta waya ko da birkilan ne da kanshi. Ka auna faɗin ƙofa sama da tsakiya da ƙasa, don fila biyu da wuya su miƙe daidai, ka auna tsawo dama da hagu, ka ɗora ma'aunin ruwa kan daɓe ka ga inda ya karkata. In rola ce sai ka duba ko akwai isasshen fili saman linta inda naɗin zai zauna, da ɗan wuri a gefe biyu na kwalbatin ƙarfen da ƙofar ke bi. In get mai taya ne ka tabbata katangar da zai koma bayanta ta fi faɗin ƙofar tsawo, kuma ba mitar wuta ko bishiya ko fayif ɗin ruwa a hanya. Firam in ka haɗa shi ƙasa, ka ja tef daga kusurwa zuwa kusurwa ta gicciye, ɓangare biyu su fito lamba ɗaya kafin ka cika walda, in sun saɓa to firam ya murɗe ko da idonka na ce ma daidai yake.

Dogon da taya ke bi shi ne ran get. A binne shi cikin kankare mai kyau, a miƙe sak, ba tudu ba gangare, kuma ya ɗan ɗara daɓe tsawo yadda ruwan damina ba zai kwanta kanshi ya tara laka ba. Ƙarshen dogo duka biyu ka walda abin tsayarwa mai ƙarfi, sama kuma ka sa ƙananan tayoyin da ke riƙe get kada ya kife. Wanga ba ado ba ne, get mai nauyin ɗaruruwan kilo in ya zarce ya faɗi, a gidajenmu da yara ke wasa bakin ƙofa dare da rana, Allah ya kiyaye abin da zai biyo baya. Ko mai gida ya ce a rage kuɗi, a rage wani wuri ban da nan.

Na huɗu, sifirin. Ƙofar rola da mai falle-falle duk sifirin ke ɗauke nauyinsu, shi ya sa mutum ɗaya ke iya ɗaga ƙarfen da ya fi shi nauyi. To duk wancan ƙarfin yana nan ɗaure cikin sifirin ɗin kamar rago da anka turke yana jan igiya, kana kwance ƙusa ba bisa ƙa'ida ba zai fizge, ya karya yatsu ko ya fasa fuska. Kada ka taɓa shi kai kaɗai sai oga ya tsaya kanka ya nuna ma har hannunka ya faɗa. Mai falle-falle da sandunan ƙarfe biyu da anka yi don aikin ake murɗa sifirin ɗinta, ba da sukundireba ko guntun rodi ba, ka tsaya gefe kanka kada ya zama saitin sandar, kana ƙirga kowane juyi. In ka gama, gwajin mai sauƙi ne, ɗaga ƙofar zuwa rabi ka saki a hankali, in ta tsaya wurin to lissafi ya yi, in ta zube ƙasa sifirin ya yi sanyi, in ta fizga sama ya yi yawa. Kuma sifirin yana da kwanakinshi, na gama-gari na irin ƙofofin Amurka ana yin shi ne don buɗewa da rufewa kusan sau 10,000, ka gaya ma mai gida haka tun ranar sakawa don kada ran da ya tsinke ya ce aikinka ne ba shi da kyau.

Na biyar, inji da wuta, nan kuɗin yake kuma nan mafi yawan masu walda ke tsayawa. Ka samu mai aikin wayarin ko mai haɗa sola ya koya ma amfani da mitar hannu ta gwajin wuta, ka iya auna batir, ka gane fis da ya ƙone da wayar da ta tsinke cikin ƙasa. Injin Centurion na Afirka ta Kudu yana da yawa a Najeriya, D5 Evo ɗinsu na jan get har kilo 500 da batir mai bolt 12, D10 kuma har kilo 1,000, akwai kuma na Italiya irin su Nice da Came da BFT. Ka karanta littafin da ke cikin kwali, in Turancin ya yi ma nauyi ka nemi mai karanta ma, ba abin kunya ba ne. Kada ka ɗora inji kan get da ke cijewa, ka fara gyara taya da boris da dogo har ya zama hannu ɗaya ke tura shi, in ba haka ba injin zai yi ta nishi har ya ƙone. Tsakanin haƙoran da ke jikin get da giyar inji a bar ɗan sarari kamar milimita 2 zuwa 3, kada nauyin get ya zauna kan giyar. Waya a bi da ita cikin fayif, a yi mata at mai kyau, wato wayar kariya da ake haɗawa da ƙasa, a sa abin kare tsawa da wutar NEPA mai zuwa da ƙarfi. Sannan a sa idon na'ura da ke hango mutum ko mota ya hana ƙofa rufewa, a Amurka tun 1993 doka ta wajabta irin wagga kariya ga injin ƙofar gareji, mu nan ba mai tilasta ma, amma ni ban ga dalilin da zai sa a saka inji gidan da akwai yara babu ita ba.

Ka kuma san ƙasarka. Zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 yana cinye batir da wuri, don haka in an kira ka get ya mutu, batir za ka fara aunawa kafin ka ce bod ne, wato allon wutar da ke sarrafa inji. Ƙurar hunturu na toshe dogo ta rufe idon na'ura, shi ya sa ba a shafa giris kan dogo, yashi yake kamawa, tsintsiya kawai yake so. Tsaka da ƙadangare da tururuwa kuma suna son ɗumin cikin akwatin inji, ka buɗe murfi ka tarar da tsaka ta bushe manne a bayan bod ta haɗa wuta, saboda haka duk ramin da waya ta shiga ka toshe shi. Inda wuta ba ta zama, ƙaramin faifan sola ya isa ya riƙe batir. Kafin ka bar gida ka nuna ma maigadi da uwargida yadda ake sa makulli a saki inji a tura da hannu.

Kayan aiki ba sai ka tara duka rana ɗaya ba. Tef, ma'aunin ruwa, sifanu, filaya, mita, diril da giranda su za ka fara saye daga sallamarka, injin walda da janareta ana iya haya kafin Allah ya hore. Gilashin walda da safar hannu kam ka saya tun yau, ido ba shi da sifiya. Ƙarfe da kwano akwai a gari, abin da babu sai ka samu amintaccen mutum a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a Legas da zai sako ma a mota.

Da an yaye ka, ka fara da gyara. Ka bi shagunan kasuwa da sito-sito na 'yan shinkafa, rola da ke cijewa ba ta ƙirguwa, ka gyara da kuɗi mai sauƙi ka bar lambarka. Ka yi sabo da birkiloli da 'yan kwangila don su ke fara sanin gidan da ya kai linta, ka riƙa ɗora hoton aikinka na kafin da bayan gyara a WhatsApp da Facebook, da izinin mai gida. Jinga kuwa a rubuce, kuɗin kaya daban kuɗin aiki daban, kaurin ƙarfe da sunan inji duk a faɗa, ka karɓi kafin alƙalamin da zai sayi kaya, kuma ka kira ka ji farashin ranar kafin ka yanka kuɗi don ƙarfe ba ya zama wuri ɗaya. In aiki ya fara kankama ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe asusun banki da shi. Sai ka samu ɗan littafi kana rubuta kowane gida, irin ƙofarshi da ranar da ka sa batir, gab da damina da kuma bayan hunturu ka bi su ɗaya bayan ɗaya da waya ka ce Alhaji lokacin duba get ya yi, har na Jega da Argungu ka haɗa su rana guda don kuɗin mota ya zo ma da sauƙi.