Kurakuran da Sababbin Masunta Ke Yi Wajen Zaɓen Mashigi da Wurin Su a Dadin Kowa

Duk shekara idan an gama girbi, sai ka ga sababbin fuskoki a bakin dam ɗin Dadin Kowa. Samari ne da suka sayar da masara ko wake, suka haɗa kuɗi su biyu ko uku suka sayi kwale-kwale da kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa a ruwa kifi ya maƙale, don kada rani ya wuce su a zaune. Ina jin daɗin ganinsu, domin sana'ar da ta rene ni ce. Abin da ke damuna shi ne kusan dukkansu lissafin tafiya kaɗai suke yi: ina kifi yake, yaya za mu isa can. Da wuya ka ji wanda ya tambayi ta ina zai fito idan ruwa ya ɓaci.

Kogin Gongola aka tare a nan ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, a kan hanyar Biu, tafiyar da ba ta kai kilomita 40 daga garin Gombe ba. Tun da aka tare shi ya daina halin kogi. Wanda ya taɓa kamun kifi a Legas ya san ruwan teku yakan cika ya janye sau biyu a rana, har masuntan can da shi suke tsara fitarsu. Namu sau ɗaya yake cika a shekara, wajen Satumba zuwa Oktoba, daga nan ya yi ta ja da baya har faɗuwar damina. Ga kuma ruwan da ake saki don injinan lantarki masu megawat 40 da noman rani. Saboda haka gaɓar da ka sani yau ba ita za ka tarar ba bayan wata biyu.

A nan ake fara yin kuskure. Mutum ya samu mashigi mai daɗi a watan Nuwamba, sai ya maƙale masa kamar gadon gidansu. Zuwa Fabrairu ruwa ya janye ya bar laka, samanta ya bushe ya tsattsage kamar ƙasa mai tauri, ƙarƙashinta kuwa taɓo ne har cinya. Da asuba jirgi ba kaya, ka tura shi da ƙyar ka wuce. Da hantsi ka dawo da jiƙaƙƙen kalli da kifi, jirgin ya kafe nesa da tudu, kifin yana shan rana kana kokawa da taɓo. Gyaran ba wuya. Ka riƙa caka gora a ƙasan mashigi kafin ka amince da shi. Idan ta nutse ba tare da ka danna ba, matsa gaba. Nemi inda akwai tsakuwa ko yashi mai tauri, inda zurfin ke ƙaruwa a hankali. Ka kafa sanda a bakin ruwa, bayan kwana uku ka duba nawa ya ja, za ka san ranar da ya kamata ka sauya wuri tun kafin ta zo.

Kuskuren da ya fi wannan haɗari shi ne rashin kula da iska. Ina da shekara goma sha bakwai na koyi wannan, kuma har yau ina jin sanyin ranar a jikina. Lokacin hunturu ne. Na zaɓi wata gaɓa ta ɓangaren kudu maso yamma saboda mashin yana iya zuwa har bakin ruwa, dillalan kifi ba sa wahala. Kawuna ya zo ya tsaya, ya ɗebi ƙasa ya sake ta, ya dubi inda ta nufa. Ya ce, "Yaro, nan za ka dawo da kaya?" Na ce, "Kawu, ai ruwan kwance yake." Ya ce, "Da asuba kowane ruwa kwance yake." Ban ji ba. Wajen ƙarfe sha ɗaya iska ta taso daga arewa maso gabas, ta ratso faɗin dam ɗin gaba ɗaya ba abin da ya tare ta, duk igiyar da ta tara a kan gaɓata take saukewa. Da na zo fita, igiya ta bugi jirgin ta gefe, ya cika, kifin kwana guda ya koma inda ya fito. Allah ya sa ruwan iya ƙirji ne.

Abin da kawu ya gani shi ne wannan: gwargwadon nisan da iska ta yi a kan ruwa, gwargwadon girman igiyar da za ta kawo. A hunturu iskar daga arewa maso gabas take, don haka ka nemi mashigin da wani tudu ko ƙasa mai shiga cikin ruwa ta kare shi daga wannan ɓangaren, ko da zai ƙara maka tafiyar ƙafa. A farkon damina kuma hadari daga gabas yake tasowa, da guguwa a gabansa, kuma ba ya ba da dogon lokaci. In ka ga gabas ta yi baƙi, iska ta ɗauke cak, bar kallin nan, gobe ma rana ce. Kada ka ce sai lallai ka koma mashigin da ka taso. Nufi gaɓa mafi kusa da ke da kariya. Shi ya sa nake cewa kowane masunci ya san mafita biyu ko uku a kan hanyarsa, ya taɓa sauka a kowacce da rana tsaka, ya san ƙasanta. Idan kuma igiya ta riske ka wajen fita, kada ka ba ta gefen jirgi.

Sai dorina. Duk wanda ke zaune wajen Hinna da ƙauyukan bakin ruwa ya san ɓarnar da take yi wa gonaki da masunta. Sabon shiga yakan ga wata hanya a murje cikin ciyawa tana gangarowa ruwa, ya ce ga mashigi an share masa. Turbar dorina ce. Da dare take fita kiwo, da asuba ta dawo, daidai lokacin da kake tura jirgi, kuma ba ta yafe wa wanda ya shiga tsakaninta da ruwa, balle mai ɗa. Ka duba sawu mai yatsu huɗu da kashin da ta watsa a ciyawa. In ka gani, bar wurin gaba ɗaya. Wuri mai ciyawa da ruwa marar motsi ma ba wurin tsayawa da ƙafa ba ne, don a nan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya take zama.

Game da wurin kamun kifi kuwa, sabon masunci yakan ɗauka cewa inda ya fi zurfi nan manyan kifi suke, sai ya tuƙa har tsakiya ya saki kalli ƙasa. A lokacin zafi, Maris da Afrilu, ruwan sama yakan yi ɗumi ya ƙi gauraya da na ƙasa, iskar shaƙa ta yi ƙaranci a can, kifi ya guje shi. Ka sha nisa, ka sha rana, ka dawo da ɗan abin miya. Kifi ya fi son gefe: inda marar zurfi ke faɗawa cikin mai zurfi, gefen tsohuwar hanyar kogi da ke kwance a ƙasa, bakin ƙoramun da ke zubowa. Karfasa tana bin wuri marar zurfi mai yashi da ciyawa. Tarwaɗa da kurungu suna bin ƙasa, mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, ya fi dacewa da su. Tsage da giwan ruwa suna bin ƙananan kifi, to ka duba inda tsuntsaye ke sura da inda kawara ke tsalle.

Bishiyoyin da ruwa ya shanye suna tara kifi, gaskiya ne, amma suna cin kalli fiye da komai, kuma idan ruwa ya ja kututturen yakan tsaya ɗan kamu ɗaya a ƙarƙashi, ya fasa jirgi. Wurinsu na ƙugiya ne da gura, wato tarkon kifi mai kamar kwando. Lokacin da ruwa ya yi ƙasa sosai suka fito fili, ka haddace su da alamar tudu ko wata bishiya ta gaɓa, don ranar da za su sake ɓuya.

Kada ka kusanci bangon dam da ƙofofinsa, komai yawan kifin da aka ce yana can. Ruwan wurin yana ja ta ƙasa, filafili ba ya iya masa.

Akwai kuskuren da ba ranar kake ganin illarsa ba. Idan ruwan farko ya sauka, tarwaɗa takan hau ƙoramu don ta zuba ƙwai, sai wasu su toshe bakin ƙorama da raga mai ƙananan idanu, su kwashe uwa da 'ya'ya. Wasu ma har guba suke zubawa, alhali dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki. Zuciyata takan ɓaci in na ga kwando cike da karfasar da ba ta kai yatsa uku ba. Kifin baɗi ne ake sayarwa a kuɗin banza.

Kafin ka jiƙa jirginka, je ka gaida sarkin ruwa na yankin. Yawancin rigimar yanke kalli daga rashin wannan gaisuwar take tasowa, mutum ya shimfiɗa raga a kan ta wani bai sani ba. Ka tambaye shi inda dorina ke kwana a wannan watan, inda kututture yake, da wuraren da aka hana. Ka sayi rigar kariya ka sa ta, ba ka shimfiɗa ta ka zauna a kai ba, ka ajiye ƙwarya ko yankakken galan na kwarfar ruwa kusa da ƙafarka. Sannan ka gaya wa na gida ɓangaren da ka nufa, da mashigin da za ka fito in iska ta hana ka dawowa ta naka, don in magariba ta yi ba su gan ka ba su san inda za su fara dubawa.