Yadda ake musun koci da kwatabak a ƙwallon jami'o'in Amurka ba tare da ka sha kunya ba

A Disamban 2021 ni ma ina sahun gaba cikin masu ɗaga jijiyar wuya cewa lallai sai Kirby Smart kocin Jami'ar Jojiya ya zaunar da kwatabak ɗinsa Stetson Bennett, wato mai jefa wa ƙungiyar ƙwallo, a benci ya sako JT Daniels. Alabama ta lallasa Jojiya 41 da 24 a wasan ƙarshe na gasar SEC, wato rukunin manyan jami'o'in kudu maso gabashin Amurka, Bennett ya jefa ƙwallo biyu a hannun abokan hamayya, ni kuwa cikin dare na rubuta wa abokai dogon saƙo har da rantsuwa wai da wannan yaron ba za a taɓa ɗaukar kofi ba. Toh ranar 10 ga Janairu 2022 shi dai wannan Bennett ɗin ya doke Alabama 33 da 18, kofin ƙasa na farko da Jojiya ta gani tun 1980, shekarar da ta biyo ya ƙara ɗauka, suka yi wa TCU 65 da 7. Har yau duk sanda na buɗe baki zan yi sharhi sai wani ya turo min hoton saƙon nan, babu ko kara. Daga nan na koyi yadda ake wannan musu, bari in raba maka don kar kai ma a ajiye naka hoton.

In kai sabon shiga ne ga abin a taƙaice. 'Yan wasa 11 ne kowane ɓangare, masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi 10, in sun ci a sake basu sabbin huɗu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun wasu. Shiga da ita ƙarshen fili maki 6 ne, buga ta tsakanin sanduna maki 3. Kwatabak shi ne wanda ake miƙo wa ƙwallo a farkon kusan kowace taka leda, ko ya jefa ko ya miƙa wa mai gudu ko ya ruga da kansa, shi ya sa kyamara kullum tana kansa kuma shi ya sa duk abin da ya lalace shi ake fara zagi.

Abu na farko, kafin ka ce kwatabak bai iya ba, mayar da bidiyon baya ka ƙirga sakan. Daga lokacin da aka miƙo masa ƙwallo fara ƙirga, ɗaya, biyu, uku. Akwai ƙattai biyar a gabansa waɗanda aikinsu kenan su zama katanga, in kafin ka kai biyu har wani ƙato ya keto ta tsakiya ya rungume shi toh malam wannan ba laifinsa bane, katangarsa ce ke yoyo, ko waye ka saka a wurin haka zai sha ƙasa. Amma in ka kai huɗu, biyar yana tsaye yana rarraba ido da ƙwallo a hannu kamar mai neman ɗan acaɓa a bakin titi, har aka zo aka kayar da shi, wannan kam nasa ne, ko dai baya karanta tsaron da ke gabansa da sauri ko tsoron jefawa yake. Na fi yarda da wannan ƙirgen fiye da duk wani jadawalin alƙaluma da ake sakawa a ƙasan allo, don jadawalin zai ce maka an kayar da shi sau biyar amma ba zai faɗa maka wa ya jawo ba.

Haka ma in abokan hamayya suka cafe jifansa, kar ka yi saurin yanke hukunci. Duba inda mai cafewa ya nufa da inda ƙwallon ta nufa. Sau da yawa kwatabak tun kafin mutumin ya juyo yake sakin ƙwallo, yana jefawa ne inda aka yi alkawari za a haɗu, in shi ya jefa waje mai cafewa kuma ya karya ya yi ciki, sai ka ga kamar ya miƙa wa abokin gaba kyauta, alhali ɗayansu ne ya manta darasi kuma daga talabijin ba lallai ka gane wanne bane. Alama ɗaya da nake bi, in sun koma benci ka lura wa koci ya nufa da faɗa. Wani lokacin kuma ƙwallon ta daki tafin hannun mai cafewa ta yi sama wani ya ɗauke, a takarda a rubuta ta a sunan kwatabak, kaga zalunci ai.

Sai ka tambayi kanka wa ke kiran tsarin wasan. Babban koci daban, kocin masu kai hari daban, sau da yawa shi na biyun ne ke zaɓar abin da za a taka. Da can da alamun hannu da manyan alluna masu hotuna ake isar da saƙo daga gefen fili, daga kakar 2024 aka yarda manyan jami'o'i su saka wa kwatabak ɗan lasifika a hular kwano koci ya riƙa yi masa magana, ana katse layin in saura sakan 15 a agogon fara wasa. Wato yaron nan da kake zagi sau tari umarni yake bi. Iowa ce misalin da kowa ke kawowa. A 2022 sun ci South Dakota State 7 da 3 ba tare da sun shiga da ƙwallo ƙarshen fili ko sau ɗaya ba, bugun maki 3 ne ɗaya sai maki bibbiyu har sau biyu da masu tsaron baya suka samo musu, jama'a suka yi ta yi wa kwatabak ɗinsu Spencer Petras ihu. Shekarar da ta biyo aka kawo wasu, harin dai bai motsa ba. Kocin harin shi ne Brian Ferentz, ɗan babban koci Kirk Ferentz na cikinsa, har sai da aka saka masa sharaɗi a kwantiragin 2023 cewa sai ƙungiya ta riƙa cin maki 25 a kowane wasa in an raba, bai kai ba, ƙarshen kakar ya tafi. In ka canza direba sau biyu mota tana nan tana tari, ai sai a buɗe bonet.

Yanzu ga inda yawancinmu ke faɗuwa, wato mu auna shawarar koci da abin da ya faru bayanta. Ranar 8 ga Janairu 2018 a Atlanta, wasan ƙarshe na kofin ƙasa, Jojiya na gaban Alabama 13 da nema aka tafi hutun rabin lokaci. Kwatabak ɗin Alabama Jalen Hurts wanda kafin ranar ya ci wasa 25 ya faɗi 2 kacal a matsayin mai fara wasa, a wannan rabin jifa 3 ya haɗa cikin 8, yadi 21. Kocinsu Nick Saban ya cire shi ya sako Tua Tagovailoa, ɗan aji ɗaya da bai taɓa fara wasa ba. Aka je ƙarin lokaci, Tua ya riƙe ƙwallo har aka kayar da shi yadi 16 a baya, kuskuren yara sak, saura kaɗan a fara cewa Saban ya tsufa. Taka ledar da ta biyo ya wurga wa DeVonta Smith jifan yadi 41, aka tashi 26 da 23, kowa ya ce Saban gwani ne na gwanaye. Toh ni tambayata ita ce da wannan jifan ya zarce fa? Shawarar dai ita ce, bata canza ba. Daidai take tun a ɗakin canza kaya saboda Jojiya ta toshe hanyar gudu, wasan na buƙatar wanda zai jefa nesa, kuma Saban ya shafe watanni yana kallon Tua a atisaye wanda ni da kai bamu gani ba. Saboda haka duk sanda za ka soki koci ka tsaya a daidai sakan ɗin da ya yanke shawarar, me ya sani a lokacin, maki nawa ne, minti nawa ya rage, dama nawa yake da ita ta tsayar da agogo. In da wannan bayanin kaɗai za ka iya cewa ya yi kuskure, faɗi kanka tsaye.

Kuma akwai irin wannan kuskuren, ba wai kullum koci ke da gaskiya ba. Oktoban 2023 Miami na gaban Jojiya Tech 20 da 17, ƙasa da sakan 40 ya rage, su Tech basu da sauran damar tsayar da agogo ko ɗaya. Abin da kawai ake buƙata kwatabak ya karɓi ƙwallo ya durƙusa gwiwa ɗaya a ƙasa agogo ya cinye kansa a tafi gida. Kocin Miami Mario Cristobal da mutanensa suka ce a gudu da ita, ta suɓuce, Tech suka ɗauka suka ci 23 da 20 ana saura sakan ɗaya. Wannan ko da ƙwallon bata suɓuce ba shirme ne, don babu abin da gudun zai ƙara maka sai haɗari, shi kansa Cristobal ya amsa daga baya cewa durƙusawa ya kamata su yi. Irin wannan in ka samu ka more, babu mai turo maka hoto.

Game da kiran a sako na benci kuwa, yi a hankali ɗan'uwa. Na benci kullum shi ne gwani a bakin 'yan kallo don ba a ga kuskurensa ba tukuna. A 2023 bayan Texas ta ci Alabama 34 da 24 aka yi ca a kan kwatabak ɗin Alabama Jalen Milroe, Saban ya ajiye shi a wasan South Florida, waɗanda aka gwada suka kusa ba da kunya, da ƙyar aka sha 17 da 3, sati na gaba aka dawo da Milroe kuma da shi suka doke Jojiya suka ɗauki SEC. Wani lokacin kuma kiran daidai ne, Dabo Swinney na Clemson ya ajiye Kelly Bryant bayan wasa huɗu a 2018 ya ba Trevor Lawrence, suka gama kaka da wasa 15 babu faɗuwa, suka yi wa Alabama 44 da 16 a wasan ƙarshe. Sai dai ka lura da kuɗin da aka biya, Bryant tattara kayansa ya yi a satin ya bar ƙungiyar, daga baya ya koma Missouri, don dokar da aka kawo a shekarar ta ba ɗan wasa damar buga wasa huɗu ba tare da an ƙirga masa shekarar ba. Yanzu ma abin ya fi haka sauƙi, canza makaranta ya zama ruwan dare, tun Yulin 2021 kuma 'yan wasa na karɓar kuɗin talla da sunansu, saboda haka koci in zai zaunar da mutum sai ya lissafa da cewa ƙila ya rasa shi gaba ɗaya, in sabon ya ji rauni kuma ya waiga babu kowa. Saban sa'a ya yi Hurts bai bar ƙungiyar ba, don a Disamban 2018 Tua ya ji ciwo a wasan ƙarshe na SEC, a filin nan dai na Atlanta kuma da Jojiya, Hurts ya taso daga benci ya juya wasan suka ci 35 da 28.

Masu cewa a kori koci su ma ka tambaye su abu biyu, wa za a kawo, kuma wa zai biya. Texas A&M da ta sallami Jimbo Fisher a Nuwamban 2023 sai da ta ɗauki nauyin biyansa sama da dala miliyan 75 don kawai ya tafi gida. In mutum bai da amsar waɗannan biyun huce haushi kawai yake, ka ƙyale shi ya huce.

Wata 'yar dabara kuma, kar ka rubuta komai a daren wasa. Ga mu da ke kallo daga Najeriya ko Nijar wasan da aka fara da tsakar rana a gabashin Amurka ƙarfe biyar na yamma ne a wurinmu a watan Satumba da Oktoba, manyan wasannin dare kuwa sai bayan sha biyu suke farawa su kai ka har wajen huɗu na asuba, ido ya yi ja ga haushi ga barci, a wannan yanayin na rubuta nawa saƙon. Bari sai Lahadi da rana ka nemi bidiyon wasan a YouTube, ka zaɓi taka leda biyar ko shida da suka fi ɓata maka rai ka kalli kowacce sau biyu, karon farko idonka a kan katangar, karo na biyu a kan masu cafewa, kwatabak ɗin shi ne na ƙarshe da za ka duba. Da na yi haka da wasan Disamban nan da na ga abin da ke gabana ƙuru-ƙuru, Bryce Young kwatabak ɗin Alabama ya jefa yadi 421 a kan tsaron bayan Jojiya da duk shekarar babu wanda ya iya huda shi, kuma Bennett baya cikin fili ko sau ɗaya lokacin da ake musu wannan ɓarnar, yana gefe a tsaye da hular kwanonsa a hannu.